Gonar da Maigida ya ƙi cire wa kututture

Bana shekara arba'in da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba a jarida zan fara ba. Ranar da ya cika mu huɗu ne a kansa: ni, da uwarsa Inna Delu, da liman Malam Idi wanda suka yi kiwon awaki tare, sai wani mai bishara da ya zo kan keke daga Tsibiri. Duk sun bi shi. Ni aka bari, ina faɗi jikata tana rubutawa.

Bazarar da aka ce Nasara za su bar mana ƙasa, sanƙarau ya shigo garinmu a ƙasar Agiye. Ya ɗauke mana 'ya'ya biyu, kafin ruwa ya sauka ya koma kan ubansu. Mutane suna cewa hukuncin Allah ne. Shi bai musa ba. Mai bin Almasihu ne, kuma yakan ce annabawan littafinsa sun faɗi hukunci ba ɓoye-ɓoye, amma sun ce in Allah ya sare itace yakan bar kututture, daga nan toho ke fitowa.

Saboda maganar nan ya ƙi tumɓuke kututturan gonarsa, lokacin da malamin gona ya ce a share ƙaf don gyaɗa. Liman ya yi ta tsokanarsa: "Ƙyuya ce dai, ka samo mata aya!" Ni kuwa faɗa na yi masa, don ni ke tuntuɓe da su. Yau kalgo da gawon gonar nan sun fi na kowa inuwa.

Amma da zai leƙo, me zai ce? Ƙasa ta gaji, samari sun watse, masu bindiga na kore shanu a bakin iyaka. Shi da sauƙin zuciya, na san rahama zai hango. Ni ina dubawa, wani lokaci ba na ganin komai. Kututture ma in aka dame shi da sara, mutuwa yake yi.

Ayuba yana nono ubansa ya rasu, shi kaɗai ciwon ya bar mini. Ran Larabar da ta wuce da la'asar ya zo ya tsuguna.

"Iya, na yi magana da wani ɗan kasuwa na Gazawa. Gobe zai zo ganin gona. In na sayar, arewa zan yi ci-rani. Allah ya yi fushi da ƙasar nan."

Na ce, "Ya faɗa maka?"

"Iya, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. 'Ya'yana inuwa za su ci?"

Gado nasa ne, yunwar ma ba ƙarya ya yi ba. Maigida bai bar mana shanu ba, bai bar gidan kwano ba. Taurin kai ya bari, na cewa abin da ya rage ba a raina shi.

A wajenmu gonar da iri ya shiga ba a cinikinta sai an girbe. Gari na wayewa na kwance tsummar da nake ɓoye irin gero, na ɗauki sungumi. Ɗan kasuwar ya iso kan moto mai ƙafa biyu ya tarar na yi layi uku na binne, ƙasa busasshiya ƙarau.

Ya ce, "Iya, ai ko hadari babu."

Na ce, "Na gani. Matsa, ka taka mini rami."