Ba Ka Gane Ni Ba?

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba na jin zan manta da wayar da aka bugo daga Zariya zuwa falon maƙwabcinmu a Wangsa Maju.

Lokacin maigidana yana koyarwa a Kuala Lumpur, ni kuma duk Asabar nakan tara yaran mutanenmu in koya musu Hausa, don mun gaji da yi musu magana suna amsa mana da Turanci. Rannan maƙwabcin nan, mai jiran gurbin karatu a Japan, ya zo ya cire ɗansa daga ajin.

"Maman yara, Hausa ai no future lah," in ji shi, yana gyara tabarau. "Japananci zai koya."

Mutumin da ko biza bai gani ba! Ya ɗauko malama ta musamman, ya hana Hausa a gidan, har matarsa sai ta saci idonsa kafin ta ce wa ɗanta ya zo ya ci tuwo. Da an yi baƙo sai a kira yaro ya rusuna ya jero kalmomi, uban yana ta washe baki, sai ka ce shi ya ƙago yaren.

Wata rana na shiga yi musu sannu, don mahaifiyar maƙwabcin tana kwance a asibiti a Zariya, sai ga waya. Tsohuwa ta ce a ba ta mijinta, wato jikan. Aka ƙara murya, kowa yana ji. Yaro ya karɓi waya.

Da ƙyar take jan numfashi. Ta ce, "Mijina, ba ka gane ni ba? Ba ka ji na?"

Sai yaro ya yar da waya ya fashe da kuka. "Daddy, she called me baka!"

Ashe a Japananci baka wawa ke nan. Uban ya durƙusa yana zuba masa bayani da Turanci, mu kuwa muna jin muryar tsohuwa daga ƙasan kujera tana tambaya, "Me na yi masa?" Nan layi ya yanke. Kafin a sake samun ta bakinta ya rufe, a makon ta rasu. Japan ɗin ma har muka baro ƙasar bai je ba.

Bayan an share makoki ya kawo min yaron, ya kasa haɗa ido da ni. Na karɓe shi, amma wallahi don tsohuwar na yi.

Tun daga ranar na san cewa ka koya wa ɗanka yaren duk ƙasar da ka ga dama, amma kada ka raba shi da wanda kakarsa za ta yi masa ban kwana da shi.