Yadda Na Yi Tsere da Rana a Hanyar Gaithersburg

'Yan uwa na gida, tun kafin asuba na tashi ranar Juma'ar nan, kamar kowane babban matafiyi. Na duba taya, na goge gilashi, na koma na kwanta. Ban fita ba sai da azahar ta gota.

Kun san ina gadi a wata makarantar Yahudawa. Akwai wata malama a can, Rahila, yarinya mai ladabi, maƙwabciyarmu a Laurel. Shekara uku tana neman gurbi a wani shiri da ke kai malamansu Urushalima su yi shekara guda suna koyon aikin koyarwa. Bana ta kai matakin ƙarshe: taron kwana biyu a Gaithersburg, inda za a zaɓi masu tafiya. Wanda bai halarci zaman Juma'a da dare ba, an bar shi a baya. Motarta ta mutu, ni kuwa Bulus na bugi ƙirji na ce zan kai ta.

Laurel

Tana shiga mota ta ce, "Mista Bulus, ka tuna, da rana ta faɗi Asabar ta shiga, ranar hutu a addininmu na Yahudawa. Ba na zama a mota, ba na ɗaukar kaya. Yau kuma kafin ƙarfe biyar za ta faɗi."

Na yi dariya. Shekarata tara a ƙasar nan, amma ranar da ke cikin kaina ta Kafanchan ce, wadda ba ta tashi daga aiki sai shida ta wuce, rani da damina. Na ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Ni da rana mun saba."

Greenbelt

Nan na ratse "minti biyar" in karɓo wa uwargida Saratu daddawa wurin abokina Isufu, mutumin Maraɗi. Mun gaisa. Na tambayi iyali, ya tambayi nawa, muka bi ta kan gajiya, sanyi, aiki, ciwon gwiwarsa, har da jakin babansa da ya mutu tun muna samari. Aka kawo fura. Wa ke tashi ya bar fura?

Can ya leƙa taga ya ce, "Wace ce ke ta duba agogo a motarka?"

Na ba shi labari. Ya ajiye ludayi.

"Bulus, kai ba ka sallar magariba, shi ya sa ka raina rana. A watan nan ana idar da la'asar take fara haɗa kayanta. Tashi ka fita mini daga gida!"

Haka aka kore ni, da daddawa a hammata.

Babban titin da ya kewaye Washington

Duk wanda ya ce muku Amurka ƙasar sauri ce, ku turo shi nan ranar Juma'a da yamma. Layi huɗu, kowa da mota mai tsada, kowa a tsaye. Wata tsohuwa da ke gefena ta kusa gama saƙa hula. Rana kuwa, wadda na ce mun saba, ta zame kamar ba ta taɓa ganina ba. Rahila sai duba agogo take yi. Da ma zagina ta yi.

Bakin Gaithersburg

Saura kamar mil biyu ta ce, "Tsaya nan." Ta ajiye waya, jaka, har makullin gida a kan kujera, ta fita cikin sanyi ta kama tafiya.

Zan bar 'yar mutane ita kaɗai a bakin titi? Na kunna fitilun haɗari, na bi ta a baya da saurin kunkuru. Ban yi tunanin yadda abin yake a idon jama'a ba: ƙaton baƙin mutum da tumbi yana lallaɓawa bayan Baturiya da almuru.

Wani ɗan sanda ya yi tunanin a madadina, ya tare ni.

"Yallaɓai, ka san matar nan?"

"Ranka ya daɗe, fasinjata ce."

"To me take yi a waje?"

"Tafiya muke yi."

Ya sunkuyo yana shinshina motar. "Mene ne ke wari haka?"

Ku gaya mini yadda ake fassara daddawa ga ɗan sandan Maryland. Sai da Rahila ta dawo da baya ta yi masa bayani. Ya sosa kai, ya shiga motarsa ya bi bayana. Haka muka shiga gari: malama a ƙasa, ni a tsakiya, hukuma a baya da fitila. Ko gwamna iyakarsa ke nan.

Masauki

Mun tarar mutanen taron sun zauna cin abinci. Wata dattijuwa, ita ce shugabar shirin, ta fito ta dubi takalman Rahila da suka jiƙe, ta dubi ayarinmu. Ta ce, "A ƙasa kika ƙaraso?" Sai ta kama hannunta ta ja ta ciki. Ni na shigar da jaka. Aka ba ni burodi mai kitso da miyar kaza wadda barkono bai taɓa jin labarinta ba. Na cinye, na nemi ƙari.

Gida

Saratu ta karɓi daddawarta ta ce, "Da ka sa yarinyar nan ta rasa, da a motar nan za ka kwana har ta tsufa."

Bayan mako guda Rahila ta ƙwanƙwasa mana ƙofa tana tsalle: an ɗauke ta. Na gode wa Allah, na gode wa Isufu da ya kore ni, na gode wa ɗan sanda. Na kuma ce zan kai ta filin jirgi da kaina.

Ta ce, "Na gode, Mista Bulus. Jirgin ranar Talata ne. Mu tashi Lahadi."