Maganar da Dije Ta Haddace

A gidanmu na gefen kanal, magudanar ruwan noman rani, kusa da Bunkure, idan an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, Kaka takan hura wuta da karan masara mu zagaye ta. Ba ta cika yi mana tatsuniyar dabbobi ba. Labaranta na mutanen da ta ce ta sani ne, shi ya sa suka fi ba mu tsoro.

Akwai na Dije, mai sayar da tumatir a bakin titin Zariya. Dije ba ta taɓa shiga aji ba, amma baƙi masu zuwa kallon madatsar ruwa sukan tsaya wurinta, kuma duk kalmar da ta faɗo daga bakinsu sai ta tsince ta. Da haka ta iya gaisuwa da ciniki da Turanci, har 'yan kasuwar suka mai da ita tafinta.

Wata rana dab da magariba wani Bature ya zo mata a ƙasa, babu mota. Kayansa sharkaf, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Bai taya komai ba. Ya faɗi wata magana sau uku, a hankali. Dije ta maimaita, ta yi murmushi, ta ce masa tankiyu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya bi hanyar kanal.

"Kwana uku tana rera maganar nan tana kasa tumatir," in ji Kaka, ta sassauta murya. "Daɗinta take ji a baki."

A rana ta huɗu wani malamin makaranta ya tsaya sayayya, ya ji ta.

"Iya, wa ya koya miki wannan? Cewa fa kike, motarmu tana ƙarƙashin gada, matata na ciki da ranta."

Aka ruga. Motar na nan cikin ciyayi, rabinta a ruwa. Baturen yana kife kan sitiyari, ya kwana huɗu da rasuwa. Matar kuwa ta cika, amma jikinta da sauran ɗumi. Daga ranar ba a sake jin Turanci a bakin Dije ba.

Yau kayan fata nake sayarwa a Kasuwar Kurmi, kuma nawa Turancin ma a bakin baƙi na tsince shi. Da ina yaro fatalwar nake tsoro. Yanzu na gane ba don ita Kaka ke ba mu labarin ba. Idan baƙo ya faɗa min abin da ban gane ba, ba na gyaɗa masa kai. Nakan ce ya dakata, in bar rumfar a buɗe, in je in nemo wanda ya ji abin da yake cewa.