Irin Dawa a Gidan Burkutu

Mijina ya rasu wata huɗu bayan mun baro ƙauye. Zama ne ya kashe shi. Mutumin da tun yana yaro rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, aka ajiye shi a kan benci a ƙofar gidan ɗanmu a Zuru yana kallon masu babur. Likita ya ce hawan jini ne. Ni dai na san abin da na gani. Har yau ina kukansa, kuma ba na ɓoyewa. Ke mai rubutawa, in kin ji na yi shiru, ki ɗaga biron ki jira ni.

Ƙauyenmu yana can wajen Danko, a gindin dutse. Ranar da labari ya zo da hantsi cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gaba da mu, kowa ya suri abin da hannunsa ya kai. Na ɗauki tukunya da zane biyu. Shi kuwa ya shiga ɗakin girki ya tsinko damin iri daga saman murhu, ya fito ko takalmi babu.

Dawa ce ja, doguwa, mai nauyin kai, ta gidan babana. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, ya yi wa iyayen yarinya noma shekara bakwai shi da abokansa. Da shekarun suka cika babana ya ba shi ni, ya ƙara masa da zangarniya uku. Mijina yakan ce cikin kyautar nan biyu, dawar ce ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Kowace kaka zai zaɓi kawunan da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye saman murhu hayaƙi ya yi ta bugunsu har damina. Ƙwaro ba ya shiga abin da hayaƙi ya kama.

Surukata, matar ɗana, mutuniyar kirki ce, amma da gas take girki. Ɗakin girkinta fes, ko digon baƙi babu a bango. Na rataye damin a ƙusa can sama. Damina guda ta wuce muna makoki, ba gona, ba shuka. Iri kuwa ba ya jiran mutum ya gama kuka. In ya tsallake damina biyu a rataye, ya zama abincin kaji. Wata safiya na ga ɗan gari-gari a ƙasa daidai ƙarƙashin damin, na san ƙwari sun shiga.

"Mama, abin nan yana zubo mini ƙwari cikin shinkafa," in ji surukata. "Ko a ba kaji?"

"Ki fara ba su ni," na ce.

Na so in hura icce a tsakar gida, mai gidan haya ya ce bai daɗe da yin fenti ba. Na gwada gawayi, sai zafi ba hayaƙi.

A lokacin ne wasu masu taimako suka buɗe mana aji, mu matan da aka koro daga ƙauyuka, a rumfar bayan coci duk ranar Talata. Malamar yarinya ce mai taushin murya, ta ce ta zo koya mana ƙarfin zuciya da kyakkyawan zato. Mu ja numfashi, mu riƙe, mu saki. Kowace mace ta faɗi abu uku masu kyau da suka same ta a satin. In an tashi a raba biskit da lemo. Ranar farko ta ce, "Iyayena, ku rufe ido, kowa ta tuna wurin da ta fi jin daɗi a duniya." Muka rufe. Kowa ta tuna ƙauyenta. Rumfar ta kaure da kuka har mai gadin coci ya leƙo ya ga ko wata ce ta faɗi.

Don tsoron kajin surukata, sai na riƙa zuwa aji da damin a cikin buhu. Malama ta tambaya, na faɗa mata. Fuskarta ta yi haske kamar ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Ta ɗaga buhun sama.

"Kun gani? Irin wannan tsohon kaya ne kowannenmu ke yawo da shi a zuciya. Mama, sai kin sauke shi za ki huta."

"Ɗiyata, ba saukewa yake so ba. Ratayewa yake so, a wurin hayaƙi."

Ta ce in ja numfashi.

Matar da ke zaune kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ƙatuwa ce daga wajen Wasagu, ita da bakinta take cewa biskit ke kawo ta.

"Tsohuwa, hayaƙi kike nema? Gidana wuta ba ta mutuwa."

"Me kike dafawa?"

"Abin da fastonku ba ya so."

Burkutu take yi. Ni shekarata ta kai arba'in cikin matan zumuntar coci, ban taɓa taka ƙofar gidan giya ba. Kuma kai dawa ajiya wurin mai burkutu ai ba kura ajiyar akuya ne. Na faɗa mata haka. Ta leƙa buhun ta yi tsaki.

"Wannan ɗan abin? In na dafa shi ko maƙogwaron mutum ɗaya ba zai jiƙa ba."

Na bi ta. Manyan tukwane uku a kan murhu, rumfar ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi yana shiga ido. Na tsaya a ciki na yi kuka son raina, babu wanda ya ce mini komai, don kowa a wurin idonsa ruwa yake yi. Ta taka turmi ta rataye damin.

Duk bayan kwana biyu sai in je in juya shi. Zuru ba ta da girman da tsohuwa za ta shiga gidan burkutu a ɓoye. Ba a yi sati biyu ba matar fasto ta zo gaishe ni da wasu mata biyu. Bayan an gama gaisuwa ta dafa hannuna.

"Mama, mun san rashi yana da nauyi. Amma ƙwarya ba ta rage shi."

Na yi bayani. Suka gyaɗa kai irin na masu jinya. Suka sa ni a addu'a Allah ya raba ni da sha. Addu'ar ta karɓu nan take, tunda ban taɓa kurɓa ba.

Da aka yi ruwan farko na je na tsaya ƙarƙashin damin ina kallo. Ban san ko da sauran rai a cikinsa ba. Mai burkutu ta ce in matsa.

"Ke noma kika sani, tsiro kuwa sana'ata ce. Kullum sai na tayar da dawa kafin in kashe ta."

Ta murje tafi guda, ta jiƙa, washegari ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu ta rufe da wani, yadda take yi wa tata. Kwana uku ban ci abin kirki ba. A aji ranar Talata aka zo kaina a faɗi abu uku masu kyau, na ce ba ni da ko ɗaya tukuna, a tambaye ni jibi. Da muka buɗe buhun, wasu sun fid da ɗan farin baki, wasu suna kwance yadda aka sa su. Ta baza su da yatsa.

"Rabi sun bi mijinki. Rabi suna jiranki."

Sai maganar wurin shuka. Dattawa sun hana shuka abu mai tsawo a bakin gari, don kada miyagu su sami maɓoya, sai gyaɗa da wake. Ɗana kuwa ya rantse ba zan taka daji ba. Bayan rumfar mai burkutu akwai ɗan fili inda take zubar da toka da dusa, bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Ta ce in ɗauka.

Na ari kalme, fartanya ke nan, na duƙa, bayana ya ƙi. Masu sha suna zaune a inuwa suna kallona. Kusan dukkansu manoma ne irin mijina, an raba su da gonakinsu, su nasu bencin da ƙwarya ya zo. Wani tsoho ya taso ya ɗebi ƙwayar a tafinsa ya juya ta.

"Wannan ta gindin dutse ce. Ina kika samo ta?"

Na faɗa masa gidan babana. Ya ajiye ƙwaryarsa ya karɓe kalmen. Kafin a jima mutum shida suna cikin filin suna gardamar tazarar rami kamar za su doke juna. Wanda ya taɓa noma gona wuni guda ba a kai ƙarshenta ba, ga shi yana faɗa a kan taku ɗaya.

"Tsohuwa, golmo na biyu ake miki," in ji mai burkutu. "Wa za ki zaɓa?"

"Wanda ya iya komawa gida a miƙe."

"To, kin zauna ba miji ke nan."

Suka yi shinge saboda awaki. Suka kafa doka cewa duk wanda fitsari ya matsa ya zagaya can gaba. Ciyawa ba ta taɓa kwana biyu a filin nan ba, don masu cire ta sun fi ta yawa. Mai burkutu ta riƙa mita wai ciniki ya ragu, mutane sun zo sha sun ɓuge da noma. Dawar ta tashi ta wuce katanga, ta wuce rumfa. Da ta fid da kai na zauna mata da gwangwani ina korar tsuntsaye. Jan kan nan yana rangaji daidai yadda yake yi a gonarmu, sai dai mutumin da ya kamata ya tsaya ya ɗaga kai ya dube shi ba ya nan.

Mun yanke kawuna talatin da 'yan kai. Na zaɓi na iri, na zo ɗauri, na ga ban iya ba. Shekara da shekaru ina kallon mijina yana yi, ban taɓa lura da yadda yake juya igiyar ba. Tsohon nan ya ɗaure mini irin na gidansu. Ya kama da kyau, amma ba shi ba ne. Na zauna a kan turmi na yi ta kuka.

A haka Malama ta same ni, don labari ya kai mata. Ta fito da waya.

"Mama, ki faɗa wa sauran mata, me ya ba ki ƙarfin zuciya?"

"Hayaƙi," na ce.

Ta rubuta abin da ya fi wannan tsawo. Ta ce in yi murmushi, ya ƙi zuwa. Ta ɗauki hoton haka nan, ta ce hawayen farin ciki ne. Ban yi mata gardama ba, yarinya ce mai ƙoƙari.

Ko ƙwaya ba mu dafa ba. Na ba mutanen nan shida kowa kai biyu, na ce kowa ya nemi murhun icce ya rataye, kada iri ya sake zama a hannun mutum ɗaya. Nawa damin aka mayar saman tukwane. Mai burkutu ta sauko daga kan turmi tana kakkaɓe hannu, ta ce ladan hayaƙinta kai biyu ne ita ma. Na zaɓa mata masu kyau, na ce kada ta dafa. Ta ce ba ta yi alkawari ba.