Maɓallan Mota Mai Cire Hula

Bari in faɗi wautar da na tafka bara da bakina, kafin wani ya riga ni ya ƙara mata gishiri. Na tara marafan kwalaben lemo, na goge su da toka har suka yi ƙyalli, na sayo gam mai kama ƙarfe, na tafi gyaran motar marigayi kakanmu. Ko marfi ɗaya bai zauna ba. Yatsuna ne suka manne da juna, na wuni kamar mai nuna wa mutane hanyar kasuwa. Baffa Sule, ƙanin babana, wanda bakanike ne, ya yi dariya har sai da ya jingina da bango.

Motar tana ƙarƙashin wata rumfa a bayan zaurenmu, cikin tsohon garin Bauchi, tun kafin a haife ni. Fara ce, doguwa, rufinta na tamfol, ana naɗe shi baya a bar mutum a sarari. In an naɗe rufin, akwai murfi na jar fata da ake lulluɓe shi da shi, a kama bakin murfin da maɓallan ƙarfe da ke jere a jikin motar. Murfin yana nan. Maɓallan ne babu, sai ramukansu, kamar dasashin tsoho. A kusurwar hagu ma wani lanƙwasasshen farin ƙarfe da ke danne fatar ya ɓace.

Ni a tatsuniya na fara sanin motar. Tun muna ƙanana, in an idar da sallar magariba, Kaka takan zauna gaban murhu a tsakar gida tana gasa mana masara, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Sunan mijinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. Ni kuma in ce mata Amarya.

"Ku matso," takan ce. "Kunne a gaba, baki a aljihu. Kai Maigida, da kai nake."

Sai ta fara. Wai an yi wata mota mai ladabi, wadda in ta ga amarya sai ta cire hularta. Wani Bature ne ya zo da ita, yana zaune a can unguwar Turawa. Da zai koma ƙasarsu motar ta ƙi binsa, ta zaɓi direbansa, wani saurayi siriri mai yawan tsafta. Amaryar farko da ta ɗauka matar direban ce. Daga ranar duk auren da aka yi a unguwa, ita ke kai amarya. Tana tafiya a hankali, maɓallan wuyanta suna walƙiya, masu guɗa suna biye. To, 'yan mata ƙawayen amarya suka ƙirƙiro wata magana, wai duk wadda ta samu maɓalli ɗaya ita za a kai a gaba. In an tsaya ƙofar gidan ango ana ta hayaniya, sai wata ta sa bakin kwabo ta murɗe ɗaya, ta ɗaure a haɓar zani. Direba ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya sa yara gadi, duk a banza. Da maɓalli na ƙarshe ya tafi, mota ta yi fushi ta koma rumfa ta kwanta.

"Na sauke kayana," in ji Kaka. "Mai jin barci ya kama gabansa."

Takan canza abubuwa. Wani dare motar ta shanye rabin ruwan dam ɗin Gubi don ƙishirwa, wani dare ta yi tsere da jirgin ƙasa ta jira shi a tasha. Saboda haka muka ɗauki labarin duka a matsayin ƙirƙira. Abin da na fi tunawa shi ne fuskarta. In ta zo wurin amaryar farko sai ta daina juya masara, hasken wuta yana rawa a idonta, mu yi tsit har mu ji garwashi yana ƙara.

Bara aka sa ranar auren yayata Hafsatu. Idon Kaka ya fara dushewa a lokacin, ta kira Baba da Baffa Sule ta ce abu ɗaya take so. A kai Hafsatu ɗakinta a motar, ita kuma ta zauna gefenta, tun tana iya ganin fari da ja.

Baffa ya duƙufa. Ya tayar da injin, ranar da ya fara tari kajin unguwarmu sun yi hijira. Amma da aka naɗe rufin sai asiri ya tonu: tamfol ya koɗe, ɓeraye sun yi masa ado, ƙarafunansa sun yi cirko-cirko. Murfin fata ne kaɗai zai rufe wannan abin kunya, shi kuma ba abin da zai riƙe shi.

"Inna, ki yi haƙuri," Baba ya ce wa Kaka. "Dangin ango za su zo da manyan motoci daga Gwallameji. Ba zan bari a kai 'yata da tsumma yana kaɗawa a bayanta ba. In Sule ya ɗaure murfin kamar yadda yake da, na yarda. In ba haka ba, ta shiga motar mutane."

Baffa ya zaga panteka, inda ake sayar da sassan matattun motoci. Ya sayo sababbin maɓallai, suka ƙi shiga, don haƙoran ramukan irin na da ne. Aka ce ya huda sababbin ramuka, ya ce ba zai sa wa motar ubansa makami ba. Ya je wurin abokinsa Oga Ike mai shagon kayan mota, ya yi ta buga waya har Legas, sannan ya ajiye ya ce, "Sule, wannan mota ya tsufa. Wanda ya ƙera shi ma ya mutu." A nan ne ni kuma na kawo tawa gudummawar ta marafan lemo.

Ranar da yatsuna suka manne, Kaka ce ta zaunar da ni gaban murhu tana jiƙa su da ruwan ɗumi.

"Maigida, wane aljani ne ya aike ka?"

"Amarya, maɓallai nake yi miki. Baffa ya nema har ƙarshen duniya, babu."

Ta tsaya da murza mini hannu. "Waɗanne maɓallai?"

"Na murfin mota."

"Su yake nema duk kwanakin nan? Ni ce mini aka yi ƙarfe ya ɓace." Ta ɗaga murya. "Sule, zo nan. Kai da ɗan'uwanka kun taɓa zama kun ji labarin motar nan har ƙarshe?"

Baffa ya sosa ƙeya. "Inna, ai tatsuniyar yara ce."

"To yaran sun fi ku sani. Maigida, faɗa masa inda maɓallan suka tafi."

Nan take tatsuniyar ta faɗo mini a rai. "Haɓar zanin 'yan mata," na ce. "Kaka, da gaske ne?"

"Tseren jirgi ne kawai na ƙara. Wanda ya ga dama ya samo mini keke Napep gobe."

Washegari ni da ita muka shiga keke, tana riƙe da kafaɗata. 'Yan matan tatsuniya duk sun zama tsofaffi, wasu da sanda, wasu sai an yi ihu a kunnensu. Amma da Kaka ta ambaci maɓalli, sai in ga tsohuwa ta rufe baki da mayafi tana dariya kamar an kama ta da saurayi. Ta shiga ɗaki ta sauko da kwalla daga saman kabad, ta tono ƙulli a ƙarƙashin tsofaffin zannuwa. Wata ta ciro nata daga cikin gwangwanin kwalli. Wata ta rasu, amma 'yarta ta ce, "Ashe na mota ne? Mu mun zaci maganin aure ne, duk sai da ta sa muka riƙe shi." Har gidan wata tsohuwa 'yar kudu mai sayar da atamfa muka je, ta kwance nata daga jikin sarƙa.

Goggo Ladi ce ta ba mu wuya. Ƙawar Kaka ce tun suna tallan gyaɗa.

"Ni ban ɗauki maɓalli ba," ta ce.

"Ladi, ji tsoron Allah. Kin tsufa."

"Na ce ban ɗauka ba. Na makara, sun ƙare." Ta sa hannu ƙarƙashin katifa ta jawo lanƙwasasshen farin ƙarfen kusurwar nan. "Sai na ɗauki babba. Shi ya sa mijina ya fi na kowa tsawo."

Kowace ta bayar da sharaɗi ɗaya: a gayyace ta kai amarya.

Baffa ya jiƙa maɓallan a kananzir, ya goge ramukan da tsinke da auduga. Na tsaya a kansa lokacin da ya ɗora na farko. Ya murɗa shi da yatsu kawai, ya shige sumul kamar jiya aka cire shi. Baffa ya daɗe yana kallonsa. Sauran maɓallan ma haka suka shige. Sai fatar ta ƙi kaiwa, don ta bushe ta tsuke. Muka shanya ta a rana, muka shafe ta da man kaɗanya har ta yi laushi, ni ma na yi laushi, sati guda ƙudaje suna raka ni makaranta. Baffa ya fara kamawa daga tsakiya, yana jan fatar dama da hagu bi da bi, kowane maɓalli yana cewa ƙas. Daga ƙarshe ya dasa ƙarfen Goggo Ladi a kusurwa. Ramuka biyu suka rage, masu su ba a san inda suka koma ba, amma murfin ya miƙe tsaf ba tare da su ba.

Kaka ta zo tana lalube. Ta bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan wadda ta ajiye kowanne. Ko ta gane su ne da gaske, ko ƙarawa take yi irin ta tseren jirgi, ban sani ba. Baba yana tsaye a baya. Ya zagaya motar, ya ja fatar da ƙarfi, ba ta motsa ba.

"A wanke ta," ya ce.

Har yanzu ina tunanin abin. Na yi shekaru ina jin labarin nan ina cin masara, ban san cewa mutanen cikinsa suna nan da ransu a lungunan da nake wucewa kullum ba. Yanzu in na ga tsohuwa tana tafiya a hankali a bakin titi, sai in rasa ƙarfin yi mata tsiya. Ina tunanin me ke ƙarƙashin zannuwanta a kwalla.

Ranar kai amarya, Baffa ya tuƙa, Hafsatu da Kaka suna baya, rufi a naɗe, jar fata tana sheƙi. Manyan motocin dangin ango suka bi mu a hankali, bas ɗin tsofaffi a tsakiya, guɗarsu tana tsayar da masu keke. Ana dab da shiga layin gidan ango injin ya yi tari ya mutu. Baffa ya yi duk dabararsa, ya ƙi. Aka ce amarya ta koma wata motar, Kaka ta riƙe hannunta ta ce ba inda za ta. Tsofaffin suka sauko daga bas, Goggo Ladi a gaba, suka dafa motar. Mu samari muka ji kunya muka karɓe su, suka koma gefe suna tafiya tare da ita suna guɗa har ƙofar gida.

Na ce wa abokaina mutum dubu ne suka tura ta. Gaskiyar ita ce mu shida ne, da Baba, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Injin bai sake tashi ba. Motar tana nan a gidan Hafsatu a Gwallameji, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kuma Kaka ta gan ta da idonta a ranar.