Abincin da Muka Ci a Waya

Ni matsoraciya ce tun ina ƙarama, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In na kulle ƙofa sai na koma sau uku na ja kwaɗon. In na kashe wuta a kicin sai na dawo na tabbatar. Saboda haka da aka ce wata cuta ta shigo ƙasa, ana ɗaukarta ta numfashi da musabaha, aka kuma rufe Kaduna ba shiga ba fita, ba na jin akwai wanda ya kai ni firgita a garin nan.

Lokacin ina aikin girki a wani gida a Unguwar Rimi. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, matarsa Hajiya tana fama da hawan jini. Ranar da aka sanar da kullen ta kira ni falo ta ce, "Ko ki zauna nan har a buɗe gari, ko ki tafi gida har a buɗe gari. Amma zuwa da komawa babu." Na kira mijina, ya ce in zauna, tunda shi ma an hana kekensa mai ƙafa uku fita. Yaranmu biyu suna ƙauye wajen mahaifiyata. Shi kaɗai ke nan a ɗakinmu na haya a Hayin Banki.

Kullum bayan la'asar sai na zauna a bayan kicin kusa da tankin ruwa na kira shi. Da farko tambayoyi kawai nake jero masa. Ka wanke hannu? Da sabulu? Wa ya shigo? Ya yi tari? A rana ta huɗu ya gaji.

"Ke, wannan gaisuwa ce ko binciken 'yan sanda?" in ji shi. "Yi shiru in ba ki labarin ranar da za a buɗe gari. Ranar ba ni da fasinja sai ke. Tun safe za mu fara ci, sai magariba ta tsayar da mu."

Shekara tara yana tuƙa keke tsakanin Kawo da Malali da cikin gari, babu mai tuya ko mai gashin da bai san wurin zamansa ba. Ya ce za mu fara da kokon bakin layinmu, mai citta da kanumfari, da ƙosai mai zafin da sai ka riƙa jujjuya shi a hannu. Na ce, "Ludayin fa? Mutum nawa suka sha da shi kafin mu?" Ya ce, "To mu tafi da namu, sarauniyar tsoro."

Washegari, a cikin hirar waya, ya kai ni Kawo wajen wani mai shayi da ke ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin har ya yi kumfa. Za a soya mana ƙwai da albasa da attaruhu, a tsaga biredi a cusa a ciki. Na ce kofunan nan a ruwa ɗaya ake ɗauraye su tun asuba. Ya ce, "An buɗe gari fa, cuta ta tafi! A mafarkin ma ba za ki bar mutum ya sha shayi ba?"

Na yi dariya, kuma ita ce dariyata ta farko tun da aka rufe gari. Daga nan ni ma na shiga tsarin. Da hantsi za mu ci waina a Unguwar Dosa, wajen wata mata mai tanda biyu a zaure, da miyar taushe mai kabewa da ƙashi. Ni na ce a barbaɗa ƙuli-ƙuli. Da azahar fura da nono a gindin wata dalbejiya kusa da tasha, a dama a gabanmu. Ya ce a sa ƙanƙara, na ce ban san ruwan da aka yi ta da shi ba, muka kwana biyu muna wannan gardamar. Sai shinkafa da wake da mai da yaji, ko da loma biyar ce. Kowace rana wuri ɗaya muke tsayawa, don kada tafiyar ta ƙare kafin kullen. Tsire ya ce sai ƙarshe, na wani mai gashi a Unguwar Rimi wanda nake jin ƙanshinsa kullum ban taɓa ci ba.

Amma akwai abin da ke cin raina duk tsawon kwanakin. A layinmu maza ba sa cin tuwon dare a ɗaki. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, wanda duk muke kira Baba, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Kullen ya hana kasuwa, ya hana jam'i, amma bai hana ciyayya ba. Tabarmar kawai suka mayar cikin zaure don kada a gan su. Mijina ba shi da kwanon fitarwa, amma Baba ya ce wanda matarsa ba ta nan shi ya fi kowa cancantar zama. Mutum bakwai, hannu bakwai a kwano ɗaya, ga moɗa guda tana zagayawa. Baba kuwa ya haura saba'in, ga ciwon sukari, ga fuka. Na sani, ina jin tsoro, amma in na hana mijina, me zai ci?

A sati na uku, mun iso wajen mai kunun aya da dabino da kwakwa, sai ya ce, "Ni wallahi na ƙosa ranar nan ta zo. Matan layin nan duk sun manta da gishiri. Kwana uku ke nan, kuka salam, kuɓewa salam. Jiya har miyar Inna kamar ruwan ɗumi."

Inna matar Baba ce. In ta jefa daddawa a tukunya, daga bakin layi ake sani. Kuma a cikin satin na ji wani likita a rediyon kicin yana cewa cikin alamun cutar har da mutum ya daina jin ɗanɗano da ƙanshi.

Na ce, "Malam, don Allah je ka buɗe tankin kekenka ka sansana."

"Wace sabuwar fitina ce kuma?"

"Don girman Allah."

Na ji ƙarar takalminsa, na ji ya buɗe murfin. Na ji yana ta shaƙar fetur ɗin, yana sake shaƙa. Sannan ya ce, "Mura ce. Da ɗan zazzaɓi, kuma na sha magani."

Na roƙe shi kada ya fita ciyayya ranar. Ya ce, "In ce musu me? Na fi ƙarfin kwanonsu, mutanen da suka ciyar da ni sati uku? Ko in ce ina da ita, a zo da mota a ɗauke ni, layi duka ya fito kallo? Wa zai ƙara hawa kekena?"

"Malam, Baba fa."

"Baba Allah ke riƙe da shi, ba ke ba." Ya kashe wayar.

Na duba rana, ta fara yin ja. Na shiga kicin na ɗora albasa, ta ƙone ina tsaye a kanta. Na san mace ba ta tona asirin mijinta, haka aka tarbiyyantar da ni. Kuma wataƙila murar ce da gaske, ni ce da tsorona da kowa ya sani. Amma sai in ga hannunsa ya fita daga kwano, na Baba ya shiga daidai wurin. In wani abu ya sami tsohon nan, ni kaɗai ce na sani na yi shiru. Na wanke hannu sau biyu ba dalili, sannan na nemo lambar Inna.

Na gaishe ta, na gaya mata komai.

Ta ce, "'Yar nan, mijinki ya san kin kira ni?"

"A'a, Inna."

Ta ce, "To, na ji. Je ki yi sallarki."

Daga baya na ji abin da ta yi. Kafin a kira magariba ta zuba tuwo ta kai ƙofar ɗakinmu da kanta, ta ajiye, ta ja da baya ta ce, "Ɗan nan, an ce ba ka jin daɗi. Mara lafiya ba ya zaman tabarma, abinci ke zuwa ya same shi. Ka riƙe kwanon, kada ka maido." Ta koma ta naɗe tabarmar zaure ta kai ɗakinta, ta ce wa Baba kowa ya ci a gidansa. Ba ta ambaci sunan cutar ba, amma kafin gari ya waye layi duka ya sani.

Kwana biyar bai ɗauki wayata ba. Ban taɓa ganin kwanaki irinsu ba. Inna nake kira in tambaye ta ko an ji motsinsa, ko ya ɗauki abincin, ko Baba ya yi tari. In wayata ta yi ƙara sai in kasa dubawa. A rana ta shida ya ɗauka, muryarsa a dashe. Ya ce, "Ina raye, in shi kike son ji. Kin sa ana ajiye mini tuwo a ƙofa kamar kuturu." Na ce alhamdulillahi, ina kuka.

Ba a gwada shi ba, don haka har yau ban san abin da ya same shi ba. Shi yana nan a kan mura ce, na kunyata shi a banza. Baba bai kwanta ba, amma mutum biyu cikin 'yan tabarmar sun yi zazzaɓi sun tashi.

Da aka sassauta kullen na koma gida, na tarar ya rame, ba ya yawan magana. Ciyayya ta dawo ƙofar gidan Baba, shi bai koma ba. Ranar da na cika kwana uku na tuƙa tuwon shinkafa na yi miyar taushe, na rufe kwano na miƙa masa bayan magariba. Ya karɓa, ya tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu, ya daɗe. Sannan ya fita. Na laɓe a bayan ƙyaure. Na ji hirar tabarmar ta tsaya cak. Can sai na ji muryar Baba.

"Ku matsa masa mana. Kai kuma ajiye kwanon nan, da shi za mu fara."