Ƙofar da Dinatu Ta Tokare da Turmi

Mai ajiya ya karɓi ajiyarsa. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1978, da hantsi, Allah ya yi wa Sista Dinatu Katung rasuwa a wani asibiti a nan London, bayan jinyar kwana tara. Ta bar mijinta Malam Katung, da 'yarsu Rhoda, da mahaifiyarta a Kagoro. Mu kuma abokan aikinta ta bar mu da gajiyar da ita ke ɗauke mana rabinta.

Yaya Dinatu, sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba don na rasa abin faɗa ba, jikin ne ya ƙi. Tun ranar da aka rufe ki nake jin kamar na wuni daka.

A farkon 1974 na san ki, ina sabuwar zuwa karatun haɗa magunguna. Lokacin kuɗin mai ya buɗe hanya, jirgi ba ya sauka sai da marasa lafiya daga gida, dattawa da tsofaffin mata waɗanda ko ruwan sha ba za su iya roƙa da Turanci ba. Ke kika tattara mu muka zama 'yan aikin sa kai, muna yi musu tafinta a gaban likita. Kya tashi daga aikin jinya ƙafa a kumbure, ki faɗa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ki tafi wani asibitin don kawai ki ce wa wata tsohuwa sannu da harshenta. In na yi ƙorafi sai ki ce, “Karimatu, baki ne kawai za ki ba su aro, ba ƙafa ba.” Alhali ƙafar ce ke fara mutuwa.

Da hutun hunturu na shekarar ya zo, kika ce mun gaji da warin asibiti, mu je mu ga Scotland. Mu uku muka tashi: ni da ke da Ephraim, abokin aikinmu mai wata tsohuwar mota da sai an lallashe ta take tashi. Malam Katung yana gida Najeriya da Rhoda a lokacin. Muka kwana a hanya, a masaukin ɗalibai. Da safiyar Kirsimeti na ce mu nemi ɗan burodi mu riƙe. Kika dube ni kamar na zage ki. Kika ce, “Wa ke ɗaukar guzuri ranar Kirsimeti? A garinmu ko mahaukaci sai ya zaɓi gidan da zai ci.” Ban musa ba, don mu ma haka Sallah take a wurinmu.

Ashe nan ba can ba ne. Gari bayan gari, babu kanti a buɗe, babu mai shayi, babu ko kare a titi. Kowa ya shige gida ya ja labule. Ƙarfe uku ya wuce, rana na shirin faɗuwa, dusar ƙanƙara na zuba, cikinmu na kuka. A wani ƙaramin gari kika sa Ephraim ya tsaya, kika gyara ɗankwalinki na biki, kika fita. Ina kallonki ta gilashi kika buga ƙofa biyar. Uku ba su amsa ba. Ɗaya ya leƙo ya saki labule. A ta biyar wata mata ta buɗe iya tsawon sarƙar ƙofa, ta ce miki ai sun riga sun ba da sadakarsu a coci.

Da kika dawo, na zazzage jakata na samo dabino bakwai da ɗan guntun ƙuliƙuli. Ni da Ephraim muka ci, ke kika ƙi taɓawa. Sai can kika ce, “Ki yafe mini, ƙanwata. Na kawo ki bikinmu na bar ki da yunwa.” Ban taɓa ganin kunya ta kama mutum haka ba, kuma kan laifin da ba nasa ba.

Shekara na zagayowa kika rama. Ranar Kirsimeti tun da safe kika buɗe ƙofar flat ɗinki na Tottenham, kika tokare ta da turmin da kika taho da shi daga gida. Sanyi na kwarara, Malam Katung na zaune da riga uku yana gunaguni, maƙwabta suka kai ƙara hukumar unguwa, ke ko a jikinki. Shinkafa tukunya biyu, naman kuma daga mahaucin Musulmi don kowa ya sa hannu. Ɗalibai daga Woolwich, masu jinya, direban bas, har wani tsohon Bature da ya shigo tambayar ko lafiya, ya ƙare da cin faranti biyu. Shekara uku kina haka, ni ce mai yankan albasa, kuma kowace shekara sai na rantse ba zan ƙara ba.

Bana kam da gaske nake. Na gama karatu, aiki na jirana a Kaduna, na yi booking ɗin jirgi na goma ga Disamba, akwatina a ɗaure. Na gaji da garin nan, Yaya, na gaji da duhun ƙarfe huɗu da fassara wa mutane labarin da ba sa son ji. Kwana biyu kafin ki tafi, ina gyara miki matashi, kika ce da 'yar muryar da ta rage, “Wa zai tokare ƙofar bana?” Na ji sarai. Shekara biyar ina tafinta, ranar nan sai na yi kamar ban gane Hausa ba, na tambaye ki ko kina son ruwa. Wannan ne ke cina, ya fi rashin ma cina.

To ga amsarki, ko da ta makara. Jiya na je an ɗaga tafiyar zuwa Janairu. Na roƙi Malam Katung, ya yarda, Ephraim zai ɗauko shinkafa, Rhoda ta ce ta san inda kika ajiye turmin. Ban san wa zai yi baɗi ba, kuma ba zan yi miki alkawarin da ya fi ƙarfina ba. Bana dai ni ce.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutun da kika hana kanki, ya sa ki tarar da ƙofa a buɗe. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Katung, da Rhoda, da Mama a Kagoro, da dukan waɗanda suka taɓa cin abincinki. Allah ya ba mu haƙuri da juriyar rashi.

Ga duk wanda ya karanta wannan kuma yake London ranar 25 ga Disamba, gidan dai shi ne wanda kuka sani. A sa rigar sanyi mai kauri. Kada kowa ya taho da guzuri.